Yadda A Ke Daidaita Na'urar Binciken Da'ira Domin Auna Ƙarfin Igiyar Rediyo

Abin da wannan maƙala ta ƙunsa shi ne bayanin wata na'ura ta injiniyoyin rediyo, da yadda a ke daidaita ta kafin a yarda da abin da ta faɗa game da ƙarfi. Injiniyoyi su kan taƙaita sunanta da haruffa uku, VNA, mu kuwa a nan za mu kira ta na'urar binciken da'ira. Kada mai karatu ya ɗauka da'irar nan ta shafi intanet ko haɗin kwamfutoci. Abin nufi shi ne duk wani kayan lantarki wanda igiyar rediyo ke shiga cikinsa ta wata ƙofa, sa'an nan ta fita ta wata ko ta komo ta inda ta shiga, kamar kebul, ko eriya, ko mataci, ko amfilifaya. Da wuya a sami mataci ko amfilifaya a kan dogon ƙarfen nan na kamfanonin wayar salula wanda bai bi ta gaban irin wannan na'ura a masana'anta ba.

Na'urar ba ta da daɗewa ƙwarai. Kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fitar da samfurinsa mai lamba 8410 a 1967, shekara biyu bayan Kaneyuki Kurokawa na ɗakunan bincike na Bell ya buga maƙalarsa ta 1965 wadda ta tsara lissafin igiya mai tafiya da igiya mai komowa bisa ga ƙarfi. Sashen kamfanin da ke ƙera ta ya koma Agilent a 1999, kana ya zama Keysight a 2014. Akwai kuma Rohde & Schwarz a Jamus da Anritsu a Japan, waɗanda su ma su ke ƙera irinta.

Aikinta a taƙaice shi ne wannan. Tana da tushe a cikinta wanda ke haifar da igiya, tana kuma da makarɓa waɗanda ke sauraro. Sai ta tura igiya cikin abin da a ke bincike ta ƙofa ta ɗaya, ta auna abin da ya tafi, da abin da ya komo, da abin da ya ɓulla a ƙofa ta biyu. Daga nan sai ta raba wannan da wancan. Duk amsar da ta ke bayarwa nisba ce, watau gwargwadon abu ɗaya idan an gwada shi da wani. Idan ta ce amfilifaya ta riɓanya ƙarfi sau ɗari, abin da ta gani shi ne na fita ya fi na shiga sau ɗari. Ba ta ce ga yawan na shiga ba.

Misalin kasuwa zai taimaka. Mai awo wanda ya ɓatar da mudunsa zai iya ɗaukar kowane kwano ya auna tsibi biyu na gero, ya ce wannan ya ninka wancan, kuma ya faɗi gaskiya. Amma ranar da aka tambaye shi mudu nawa ne a tsibin, kwanon nan bai ishe shi ba, tilas ya je ya aro mudun da kasuwa ta yarda da shi. Haka na'urar binciken da'ira ta ke. A wajen nisba ba ta da na biyu, amma wat, watau ma'aunin ƙarfi wanda aka raɗa wa sunan James Watt, aro ta ke yi. Yadda a ke wannan aro, da abin da ke zubewa a hanya, shi ne ainihin maganarmu.

Kalmomin awo

Kafin mu ci gaba lalle ne mu daidaita a kan kalmomi kaɗan. Igiyar rediyo tana kaɗawa, kuma yawan kaɗawarta a daƙiƙa ɗaya shi a ke ƙirgawa da haz: megahaz miliyan ɗaya ke nan, gigahaz kuwa miliyan dubu. Na guji kalmar mita a nan da gangan, domin a bakin masu sauraron rediyo asalinta tsawon zango ne, kamar yadda a ke cewa mita 31, kuma za mu bukaci tsawon zangon a matsayinsa. Igiya mai kaɗawa gigahaz 1 tsawon zangonta santimita 30 ne a sarari, mai gigahaz 10 kuwa santimita 3.

Wannan gajarta ita ce dalilin da ya sa a ke auna ƙarfi a wannan fage maimakon bolt. Idan igiya mai tafiya ta haɗu da mai komowa a cikin kebul, bolt ya kan hau a wani wuri ya sauka a wani, har mutum biyu su auna kebul guda a tazarar 'yan santimita su sami amsa dabam dabam. Ƙarfin da ke wucewa kuwa ɗaya ne ko'ina, in ban da ɗan abin da kebul ɗin ya cinye.

Nisba a kan faɗe ta da desibel. Desibel 10 ninki goma ne, 20 ninki ɗari, 3 kuwa kusan ninki biyu. Desibel ɗaya ƙari ne na kusan kashi 26 cikin ɗari, ɗaya bisa goma na desibel kuma kusan kashi 2.3. Idan an so a faɗi ainihin ƙarfi sai a gwada shi da miliwat ɗaya, a rubuta dBm: 0 dBm miliwat ɗaya ne, 30 dBm wat ɗaya, −30 dBm kuwa ɗaya bisa dubu na miliwat. Wannan ƙaramin harafi na ƙarshe shi ne bambancin kwano da mudu, kuma malamin da ke koyar da wannan darasi ya kamata ya tsaya a kansa har ɗalibai su gaji.

Daidaitawa ta fari, wadda ba ta isa ba

Abin da yawancin masu aiki ke nufi idan sun ce sun daidaita na'urar shi ne gyaran nisba. Na'urar tana da aibi na kanta wanda ba ya sakewa daga awo zuwa awo. A ƙofa ɗaya aibin iri uku ne: wani ɓangare na igiya mai tafiya ya kan yoyo cikin makarɓin da ke jiran mai komowa, ƙofar kanta ta kan mayar da wani abu daga igiyar da ta komo mata, makarɓan biyu kuma ba su ji daidai da juna ba. Tun da abin da ba a sani ba uku ne, sai a kawo magwadai uku waɗanda aka san halinsu sarai, a ɗaura su ɗaya bayan ɗaya a bakin kebul: rufaffe, da buɗaɗɗe, da mai shanyewa mai turjiyar om 50. Na farko da na biyu su kan mayar da igiya duka, amma da kusurwa mai saɓawa da juna, na uku kuwa ba ya mayar da kome. Daga amsoshi ukun nan na'urar ta lissafa aibinta ta ajiye, ta riƙa cire shi daga kowane awo. Idan ƙofa biyu ce sai a ƙara gada wadda ta haɗa su, aibin kuma ya zama goma sha biyu, shida a tafiya shida a dawowa. Akwai wata hanya da Glenn Engen da Cletus Hoer na hukumar ma'aunai ta Amurka a Boulder suka bayyana a 1979, wadda ta dogara ga guntun layi maimakon mai shanyewa, kuma yanzu akwai ƙananan akwatuna masu sauya magwadai da kansu. Duk dai manufa ɗaya ce.

To, ga inda mutane ke ruɗewa. Bayan wannan gyara na'urar ta kan auna nisba da kyau har abin ya ba da mamaki, sai mai aiki ya ɗauka lambar ƙarfin da ya rubuta a fuskarta ita ma ta gyaru. Ba ta gyaru ba. A ce ya umurci tushe ya fitar da −10 dBm, kebul ɗin da ke tsakani kuma ya cinye desibel 1.5. Abin da ya isa bakin amfilifaya −11.5 dBm ne, watau maimakon ɗaya bisa goma na miliwat sai kashi 71 cikin ɗari na wannan. Riɓanyawar da na'urar za ta nuna daidai ce, domin asarar kebul ta fita a lissafin nisba. Saboda haka babu wata alama a fuskar na'urar da za ta nuna masa akwai matsala.

Ga kebul ko mataci wannan ba kome ba ne, gama halinsu ɗaya ne ko an tura musu ƙarfi kaɗan ko da ɗan yawa. Amfilifaya ba haka ta ke ba. Tana da ƙoshi. Idan aka yi ta ƙara mata ƙarfi za a kai inda riɓanyawarta ta fara raguwa, kuma injiniyoyi sun ɗauki wurin da ta ragu da desibel ɗaya a matsayin iyakar amfaninta. Da wannan lamba a ke sayar da ita. Wanda ya lissafa iyakar daga lambar da ya rubuta a fuskar na'ura zai ƙara mata desibel 1.5 na ƙarya, ya rubuta wat 1.41 a kan amfilifaya mai wat 1. Mai saye zai tura ta har cikin ƙoshi, muryar da ta ɗauka ta gurɓace, ta kuma fantsama cikin zangon maƙwabta.

Aron mudu

Mudun da a ke arowa shi ne ma'aunin ƙarfi, wata na'ura dabam mai kai wanda a ke ɗaurawa a bakin kebul. Kawunan iri uku ne. Biyu daga cikinsu da zafi su ke aiki: igiya ta shiga ta ɗumama wani ɗan ƙanƙanin abu, a auna ɗumin. Na uku ya kan mayar da igiyar lantarki miƙaƙƙe ta hanyar dayod, kuma shi ne ya fi jin ƙaramin ƙarfi, har wajen −70 dBm, alhali mai zafi na gama-gari daga wajen −30 zuwa 20 dBm ya ke aiki. Kowane kai yana zuwa da jadawali mai nuna kashi nawa na ƙarfin da ya iso shi ya ke ji a kowace kaɗawa. Jadawalin nan daga ɗakin awo ya fito, ɗakin awon kuma ya gwada nasa kan da na wanda ya fi shi, silsila ke nan har ta kai ga hukumomin ƙasa irin su NIST a Amurka, da NPL a Ingila, da PTB a Jamus. A can a kan gwada zafin da igiyar rediyo ta haifar da zafin da sanannen lantarki miƙaƙƙe ya haifar a abu guda. Tun ranar 20 ga Mayu 2019 kuwa, sa'ad da aka sake fassara ma'aunan duniya, ƙarshen silsilar ya rataya ne ga lambobin halitta waɗanda ba su sakewa, ba ga dunƙulen ƙarfen da ke ajiye kusa da Paris ba.

Aikin kansa ba shi da wuya. A kunna na'urorin biyu a bar su su ɗumama, abin da ya kan ci rabin sa'a ko fiye. A zaɓi iyakar kaɗawar da za a bincika da ƙarfin da a ke so. A sa kan ma'aunin ya karanta sifiri alhali babu igiya, sa'an nan, idan irin mai bukatar haka ne, a gwada shi da ɗan tushen da ke jikin ma'aunin, wanda ke fitar da miliwat 1 a megahaz 50. Daga nan a ɗaura shi a daidai wurin da abin bincike zai zauna. Na'urar ta bi kaɗawa ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar ma'aunin abin da ya ji, tana ƙara wa tushenta ko tana rage masa har lambar ta faɗo cikin iyakar da aka sa mata, ta rubuta gyaran a jadawali. Wannan shi ne daidaita tushe. Da ya ke yanzu an san abin da ke fita, sai a cire kan ma'aunin a haɗa ƙofofin biyu, a gaya wa makarɓin ƙofa ta biyu cewa abin da ya ke ji yanzu kaza ne. Shi ma ya sami mudu ke nan.

A ganina ya fi kyau a tsai da ƙarfi kafin a yi gyaran nisba, domin idan aka sauya ƙarfi da yawa daga baya, maragin da ke cikin na'urar ya kan tsallaka zuwa wani mataki, hanyar igiya ta sake, gyaran da aka yi ya tashi a banza.

Abu biyu su kan zame wa mai gaggawa. Na ɗaya, kan ma'auni ba ya zaɓe, duk abin da ya iso shi ya ke haɗawa, har da 'ya'yan igiya masu kaɗawa ninki biyu ko uku waɗanda tushe ke fitarwa ba da nufi ba, alhali makarɓin na'urar kaɗawa ɗaya tak ya ke saurara. Ɗan igiya wanda ya gaza uwarsa da desibel 20 ya kan ƙara kashi 1 cikin ɗari a karatun ma'auni, wanda ya gaza da 30 kuwa ɗaya bisa goma na wannan. Na biyu, makarɓi ma yana da ƙoshinsa, har yana da iyakar da zai ƙone, don haka amfilifaya mai ƙarfi sai an sa mata maragi a bayanta, kuma maragin ya kasance a wurin tun lokacin daidaitawa.

Abin da ke zubewa a hanya

Da a nan maganar ta ƙare da ba ta cancanci maƙala ba. Babbar asara tana wajen saɓanin turjiya. An ƙera kayan nan duka a kan om 50, amma babu wanda ya cika 50 ɗin daidai, kuma duk inda turjiya biyu suka saɓa, wani ɓangare na igiya ya kan komo. Kan ma'auni ya mayar da kaɗan, wannan kaɗan ya koma bakin tushe, tushe ya sake mayar da kaɗan daga cikinsa, ya zo ya haɗu da igiyar asali. Ko ya ƙara mata ko ya rage mata, wannan ya danganta ga kusurwar da suka haɗu, kusurwar kuwa tana juyawa da kaɗawa da tsawon kebul.

Bari mu sa lambobi. A ce bakin tushe yana mayar da 0.2 na tsayin igiya, kan ma'auni kuma 0.09. Idan aka duba ta fuskar ƙarfi waɗannan ƙanana ne, kashi 4 cikin ɗari da abin da bai kai kashi 1 ba, har mutum ya ce idan an riɓanya su babu abin da zai saura. Amma igiyoyi da tsayinsu su ke haɗuwa, ƙarfi kuwa tsayi ne sau kansa. Saboda haka 0.2 sau 0.09 ya ba da 0.018, sa'an nan 1.018 sau kansa ya ba da 1.036, 0.982 sau kansa kuma 0.964. Shakkar ta zama kashi 3.6 sama ko ƙasa, kusan desibel 0.16. Wannan fa a lokacin aron ne kaɗai. Sa'ad da aka cire kan ma'auni aka ɗaura amfilifaya wadda bakinta ke mayar da 0.33, abin da ba baƙo ba ne, sai lissafin ya zama 0.066, shakkar ta haura zuwa wajen kashi 13 cikin ɗari. Mai aiki ya yi duk abin da littafi ya ce, ga shi kuwa bai san ƙarfin da ke shiga amfilifayarsa ba sai da kuskuren da ya wuce rabin desibel.

Tsohuwar dabara ita ce a ɗaura maragi mai kyau a bakin kebul a bar shi nan. Igiya mai komowa za ta ratsa shi sau biyu, tafiya da dawowa, don haka maragi na desibel 6 ya kan rage komowar tushe zuwa rubu'i: 0.2 ya zama 0.05, shakkar aro ta sauko ƙasa da kashi 1, muddin maragin kansa ba ya mayar da abin kirki. Kuɗin wannan shi ne ƙarfin da ke isa ya ragu zuwa rubu'i shi ma. Dabara ce mai arha, kuma har yanzu ban ga dalilin raina ta ba.

Sabuwar hanya ta fi ta kyau, domin ta yi amfani da abin da na'urar ta fi kowa iyawa. Shakkar nan ta samu ne don ba a san kusurwa ba. Na'urar binciken da'ira kuwa, bayan gyaran nisba, ta san komowar bakinta, tsayi da kusurwa, tana kuma iya auna komowar kan ma'auni a lokacin da ya ke ɗaure, da ta amfilifaya idan an kawo ta. Idan an san duka biyun, abin da dā shakka ne ya zama lamba wadda a ke lissafawa a cire. Na'urorin zamani su kan haɗa daidaitawar biyu a zama ɗaya: a ɗaura kan ma'auni sau ɗaya a ƙofa ɗaya, a bi da magwadai, mudun ya shiga makarɓin da ke auna igiya mai tafiya, daga gare shi kuma ya bi ta nisba ya kai ga sauran. Abin da ya rage na shakka galibinsa na jadawalin kan ma'aunin ne, wanda ya kan tsaya a kashi kaɗan cikin ɗari ko ƙasa da haka.

Amma lissafin kusurwa ba ya yafe sakaci. A gigahaz 10, milimita ɗaya a sarari digiri 12 ne, ga igiya mai tafiya da dawowa kuwa 24. Mahaɗin da ba a ɗaure daidai ba, ko kebul da aka lanƙwasa bayan daidaitawa, ya isa ya mai da gyara ya zama ɓarna. Don haka a ke ɗaure mahaɗai da sifana mai awon ɗauri, wadda ke karyewa idan an kai iyaka: 0.9 na nutan-mita ga mahaɗi mai milimita 3.5, 1.35 ga babban nan mai suna N. Goron a ke juyawa, jikin mahaɗin ya tsaya cik. Masu ƙera na'urar su kan ba da alkawarinsu ne a ɗaki mai zafin digiri 23 ko kusa, bisa sharaɗin kada zafin ya kauce fiye da digiri ɗaya daga yadda ya ke lokacin daidaitawa. Wanda ke aiki a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi: idan wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, daidaitawar safe ba ta da amfani da azahar, ƙurar hunturu kuma tana bukatar a duba bakin kowane mahaɗi a share shi kafin a ɗaura.

Saura tabbatarwa. Mutane da yawa su kan sake ɗaura magwajin da suka yi daidaitawa da shi, su ga amsa ta fito tsaf, su gamsu. Wannan bai nuna kome ba illa cewa hannunsu ya maimaita ɗaurin, gama na'urar an riga an tilasta mata ta yarda da magwajin nan ko da ya lalace. Shaidar da ke da amfani ita ce ta abin da bai shiga daidaitawar ba: maragi wanda aka san ƙimarsa daga wani ɗakin awo, ko kan ma'auni na biyu a ɗaura a bakin kebul, a duba kaɗawa uku ko huɗu daga farkon iyaka zuwa ƙarshenta. Idan bambancin ya wuce shakkar da aka lissafa, a kwance a duba mahaɗai tukuna, domin a nan a kan fi samun laifin, sa'an nan a sake daga sifiri.